Minti Biyar Da Na Ƙara Wa Chizuru

Ni na rubuta takardar da hannuna, don haka kada wani ya zo yana rarrashina da zancen ƙaddara. Sunana Norihiko, shekarata arba'in da ɗaya, kuma na yi shekara tara ina jagorantar 'yan gudun ƙauyenmu Kurumidani a tseren ƙarshen shekara. Mutum shida ne, zango shida, sai ƙyalle ɗaya da ake ratayawa a kafaɗa, wannan ya miƙa wa wancan har a kai shi ƙofar ofishin gari. Namu shuɗi ne. Innarmu ce ta rina shi tana amarya, kuma shekara arba'in da huɗu bai taɓa taɓa ƙasa ba.

Bara hukumar gari ta ce mutane sun yi ƙaranci a ƙauyuka, ba za a ƙara yin tsere da ƙungiya goma sha biyu ba, takwas sun isa. Huɗun da suka zo ƙarshe za a haɗe su da maƙwabtansu, a karɓi ƙyallensu a rufe a akwatin gilashi. Mu kuwa maƙwabtanmu mutanen Shimoura ne, waɗanda tun zamanin kakanni ko a kan ruwan gona ba ma jituwa da su. Ko dai mu zo na takwas, ko kuma baɗi mu rataya jan ƙyallensu muna murmushin dole.

Saura kwana goma, Masaharu ya faɗo daga tsani yana shanya kanya, idon sawunsa ya kumbura kamar tulu. Shi ke mana zango na huɗu, zangon tudu, kilomita biyar da ɗoriya na hawa zalla har ƙwanƙolin dutse. A nan ake cin tsere, a nan ake zubar da shi. Ni nake karɓa daga hannunsa in gangara.

Muka taru a zauren ƙauye, mun kewaye murhun kananzir, kowa ya yi jugum. Baba Genzo mai gari, wanda shi ya fara hawa tudun nan shekarar da aka soma tseren, yana ta lissafa mazan da suka rage da yatsu, yatsun ba su ƙare ba mazan suka ƙare. Ƙanwata Chizuru ta shigo da farantin shayi. Ta ajiye wa kowa kofinsa, sannan ta tsaya maimakon ta fita.

Ta ce, "Ku ba ni tudun."

Sai wani ya fara dariya, sauran suka kama.

Baba Genzo ya ce, "'Yar nan, ai kina da zangonki na furanni."

Haka muke kiran zango na biyu, kilomita ɗaya da rabi a miƙe ta gaban makaranta, wanda aka ware wa mata. Shekara uku ke nan Chizuru tana cinye shi da tazarar da sai ta gama shan ruwa ta biyu take isowa. Mu kuma kullum mu ce, ai cikin mata ne.

Ta ce, "Matar Masaharu za ta iya zangon furanni, na tambaye ta. Baba, na karanta dokar. Ta ce zango na biyu na mata ne kaɗai. Ba ta ce sauran na maza ne kaɗai ba."

"Ba ta ce ba, don ba a taɓa zaton za a tambaya ba. Tudun nan maza ma kuka yake sa su. In kika ɓata ƙwaurinki da jijiya, wa zai kwasa?"

Aka sake dariya, ni ma na yi. Ba zan ɓoye ba, har na ƙara da cewa in ta gaji a hanya sai mu aika mata da keken jarirai. Ta dube ni, ta ɗauki farantinta.

Yarinyar nan fa shekara huɗu ta yi tana gudu a jami'a can birni, ban taɓa zuwa kallo ba ko sau ɗaya. Inna ta kan ce in raka ta, in ce ina ni ina ɓata kuɗin jirgi a kan gudun mata. Da ta dawo gida jinyar Inna, ta kama aikin duba tsofaffin da ke gidajen saman dutse, kuma da ƙafa take zuwa musu, safe da yamma, jaka a baya. Ina ganinta ta tagar mota in yi mata oda, ban taɓa tambayar kaina me take yi ba.

A ƙarshe aka ba ta tudun, ba don an yarda da ita ba. Wanda ya rage shi ne tsohon mai kai wasiƙu, shi kuwa ya haura sittin, gwiwarsa ƙara take yi in ya tashi.

Kwanakin da suka rage na zama kamar mahaukacin kare. Kowa na gani sai na yi masa tsawa. Wata safiya muna atisaye a filin makaranta, Daigo mai zangon ƙarshe yana jan ƙafa, na daka masa, "Kai, ɗaga ƙafa mana, kana gudu kamar mace."

Chizuru tana gefena tana ɗaure igiyar takalmi. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wace macen, Yaya?"

Na ce, "Ke kuma ba da ke nake ba, magana ce kawai."

Ta ce, "To."

Yanzu ga maganar takarda. Aikin jagora ne ya rubuta wa kowane ɗan gudu minti nawa na gabansa zai ɗauka, don ya san lokacin da zai tuɓe rigar sanyi ya tsaya a layi. A ƙwanƙolin dutse wannan ba wasa ba ne. In ka tuɓe da wuri, iskar Disamba za ta sandarar maka da ƙafa, ka fara gangara kamar mai tafiya da itace biyu. Shi ya sa kowa yake sassarfa a wata hanya da ta gangara zuwa wani ɗan wurin ibada, sai lokaci ya yi ya dawo.

Ana jibi tsere na same ta a kicin tana dama wa Inna kunun shinkafa. Na ce, "Nawa za ki yi?"

Ta ce, "Ashirin da ɗaya."

Na kusa ƙwarewa da shayi. Masaharu, ƙato guda, mafi kyawun da ya taɓa yi ashirin da biyu da sakan arba'in ne. Na buɗe baki zan faɗa mata haka, sai na ga Inna ta zuba mini ido daga kan tabarma, na haɗiye. Na ce, "To, madalla." Na koma ɗaki na rubuta ashirin da shida.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi yanzu, a lokacin gani nake kirki na yi. Na ce a raina, yarinya ce, zumuɗi ke ɗibarta, bari in rage mata kunya. Ban nuna mata takardar ba. Na ba Daigo tasa, na ninke tawa na sa a aljihu.

Ranar tsere gari ya waye da farar raɓa a daskare a kan rufi. Motar hukuma ta kai mu ƙwanƙolin dutse, mu goma sha biyu masu zango na biyar, ta juya kafin a rufe hanya. Ba kowa a can sai mu, da masu agogo biyu daga ofishin gari, da mutum ɗaya mai lasifika da ke tsayawa a kwanar ƙarshe yana kiran lambar duk wanda ya ɓullo. Waya ba ta kamawa a wurin. Jama'ar ƙauyenmu duk suna can ƙasa wajen ƙarewa, da tutoci da tukunyar romon miso, miyarmu ta waken suya.

Muna jin labari ta rediyon masu agogo, yana yankewa yana dawowa. Zango na ɗaya mun zo na bakwai. Na biyu muka koma na tara. Da aka ce lamba bakwai, wato mu, ta karɓi zangon tudu a matsayi na goma, ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya, sai na duba agogona. Na goma, kuma a hannun mace. Na yi lissafi, sha ɗaya da minti bakwai za ta iso, ƙila mu zama na ƙarshe, sauran aiki ya rage gare ni.

Ɗan gudun Shimoura, wani dogo mai suna Ikuo, yana miƙe ƙafa a jikin ƙarfen gefen hanya. Ya ce, "Jagora, an ce ƙanwarka kuka sa? Ka zo da abincin rana ko?"

Na ce, "Ka ji da kanka."

Amma maganar ta shige ni. Ban iya tsayawa ana kallona ba, na gangara hanyar wurin ibada da sassarfa, na wuce inda aka saba juyawa, na ƙara gaba. Ina sanye da doguwar rigar sanyi da wando mai kauri a kan kayan gudu.

Ƙarfe sha ɗaya daidai na ji lasifika daga sama ta kira lamba biyu. Can ta kira lamba tara, sai lamba ɗaya. Manyan ƙauyuka ne, ba mamaki. Sai ta ce, "Lamba bakwai."

Na ji da kunnena, wannan nake so a sani. Na tsaya, na duba agogo, sha ɗaya da minti ɗaya. Na zaro takardar daga aljihu na duba, kamar ba ni na rubuta ta ba. Na ce, tsohon nan idonsa ya mutu, lamba ɗaya ya sake gani ya ce bakwai. Na ci gaba da sassarfata.

"Lamba bakwai, a shirya."

Na ɗan rage gudu. Amma na ce a'a, ba zai yiwu ba, ko Masaharu bai isa ba. Na yi taku goma, ƙila goma sha biyar.

Sai lasifikar ta canja murya, mai agogo ne da kansa ya karɓa. "Kurumidani, mai zango na biyar. Kurumidani, ina kake? 'Yar gudunku tana kan layi."

Ban san lokacin da na juya ba. Hawa ne, mita ɗari uku ko fiye, rigar tana kaɗa mini ƙafa, ina ƙoƙarin ɓalle ta ina gudu. Ina jin lasifika tana kiran lamba huɗu, sai lamba goma sha ɗaya. Kowace lamba da aka kira, mutum ne da Chizuru ta wuce a kan tudun nan da haƙoranta, yanzu yana zuwa ya wuce ta tana tsaye.

Da na ɓullo na gan ta. Tana kan layin, ta cire ƙyallen ta miƙe shi da hannu biyu yadda ake yi, tana miƙa wa iska. Ba ta da ikon tsallake layin, ba ta da ikon ajiye shi, ba ta da ikon ba wani. Ƙafafunta rawa suke yi, tururi na tashi daga kanta, yawu ya bushe mata a gefen baki. Mazan da ke jira sun ja baya sun yi tsit, ba mai dariya. Ikuo ya karɓi jan ƙyallensu a gabana ya wuce, ko kallona bai yi ba.

Na yar da riga. Wandon ya maƙale a kan takalmi, na zauna daɓas a kan kwalta ina fizga, yatsuna sun ƙi aiki. Wani ɗan wani ƙauye ya durƙusa ya ja mini ƙafa ɗaya. Lamba shida ta wuce. Ina jira Chizuru ta zage ni, da ta zage ni da na ji sauƙi, amma ko uffan. Hannunta a miƙe, idonta a kaina.

Na tashi na fizgi ƙyallen. Jiƙe yake sharkaf da zufarta, da ɗumi. Na ji ƙarar maɓallin agogo a bayana, don a tserenmu sai ƙyalle ya canja hannu ake tsayar da lokacin mutum. Da na waiwaya sau ɗaya, na ga ta juya ta fuskanci hanyar da ta hawo, ta sunkuya mata kamar yadda kowane ɗan gudu yake yi in ya gama, sannan ta zube a gwiwa.

Ta iso ta huɗu, na tashi na tara. Minti biyu da sakan goma sha biyar ta yi a tsaye.

Na gangara dutsen nan kamar wanda aka biyo da wuƙa. Ina hango jan ƙyallen Ikuo a kowace kwana, in matso, ya sake nisa. Na ƙone ƙarfina wajen hawan da na yi a cikin riga, ƙafafuna suka fara cijewa tun rabin hanya. Na miƙa wa Daigo a na tara. Shi ma ya yi iyakar yinsa har ya yi amai a layin ƙarshe. Shimoura ta zo ta takwas, mu na tara, tsakaninmu sakan goma sha tara.

Da la'asar aka taru a zauren ƙauye kamar kowace shekara, sai dai ba mai taɓa abinci. Maza a zaune, mata suna kai da kawo da faranti, Chizuru a cikinsu, ta yi wanka ta ɗaura zanen aiki, tana ɗingishi kaɗan. Ƙyallen yana ninke a gaban Baba Genzo, washegari za a kai shi ofis. Aka kawo takardar sakamako, ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa har ya tsaya a zango na huɗu.

Ya ce, "Ashirin da uku da sakan biyar." Ya gyaɗa kai. "Kai, ta yi ƙoƙari. Ta karɓa a na goma ta miƙa a na tara, ta ma wuce mutum ɗaya. Duk da mace ce, a tafa mata."

Aka tafa. Sai wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Masaharu ashirin da biyu da arba'in yake yi. Bambancin sakan ashirin da biyar ne. Mu kuwa da goma sha tara aka kayar da mu."

Baba Genzo ya ce, "To, ya za a yi. Ba laifinta ba ne, halitta ce. Mu ne muka ɗora wa kaza kayan jaki."

Chizuru tana tsiyaya wa wani shayi. Ta ci gaba da aikinta kamar ba da ita ake ba.

Na ji kaina zai fashe. Na miƙe har na ture kofi, na ce, "Baba, ba haka aka yi ba. Ashirin da sakan hamsin ta yi. Ba namijin da ya yi haka yau, kai ma ba ka taɓa yi ba. Maza shida ta wuce, ta iso ta huɗu. Ni ne ba na wurin. Ta gaya mini lokacinta, na ƙara minti biyar da hannuna, aka kira lambarmu na ji na ƙi yarda. Ni na kayar da ƙauyen nan."

Na sunkuya har goshina ya kusa taɓa tabarma, ina jira a yi mini abin da ya dace da ni.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Baba Genzo ne, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya juya ga jama'a ya ce, "Kun ga namiji ko? Kun ga yadda yaya yake rufa wa ƙanwarsa asiri? Mahaifinsa ma haka yake, shi ke ɗaukar laifin kowa."

Na ce, "Baba, gaskiya nake faɗa. Ku tambayi masu agogo, ku tambayi Ikuo."

"Mu tambayi ɗan Shimoura? Zauna, ɗana. Ko ka ɗan makara wajen cire wando, sakan nawa ne? Takarda ba ta ƙarya. Ashirin da hamsin a tudun nan, haba, kai ma ka san abin da zai yiwu."

Aka tafa mini, tafin ya fi nata ƙarfi. Wani ya cika mini kofi da giyar shinkafa, wani ya bubbuga mini baya. Na sake buɗe baki, aka ce ya isa, jagora, mun gane. Ban taɓa jin tsanar mutanen da nake ƙauna kamar wannan lokacin ba, kuma na san da ni ne a zaune wani yake wannan bayani, da ni zan fara tafin.

Na fita ta ƙofar baya. Chizuru tana bakin famfo ita kaɗai, tana wanke kofuna a ruwan sanyi, hannunta ya yi jajir. Na tsaya a bayanta.

Ba ta juyo ba ta ce, "Nawa ka rubuta, Yaya?"

"Ashirin da shida."

Ta ɗauraye kofi ɗaya ta kife. "Na ce maka ashirin da ɗaya."

"Na sani. Chizuru, gobe zan je ofis, zan sa masu agogo su rubuta..."

"Su rubuta me? An riga an buga." Ta ɗauki wani kofin. "Ni ma ban gaya maka gaskiya ba ai. Sau uku na gwada tudun nan da agogo, ban taɓa kai ashirin da ɗaya ba, kullum ƙasa nake yi. Ƙarawa na yi da ka tambaye ni, don kada ka yi dariya a gaban Inna."

Ta kashe famfo, ta jera kofunan a faranti. Daga ciki wani yana kira a kawo shayi. Ta ce in matsa mata, na matsa, ta wuce da farantin.